Tarihin rina hurhura, daga shunin kakanni zuwa salon na Yamai



Wani biki da anka yi a unguwarmu bayan babbar Sallah shi ya jawo zancen yau. Wata yayarmu, ma'aikaciya a Yamai, wadda ta ba hamsin baya, ta zo auren ɗiyar ƙanwarta. Da dare bayan baƙi sun watse, mata sunka taru a ɗakin uwar amarya, zafi ya sa kowa ta tuɓe kallabi. Da ta cire nata sai ɗaki ya yi tsit. Shekara da shekaru mun san kan nan baƙi wuluk kamar na budurwa. Ranar kuwa ga shi ruwan toka, fari da baƙi da wani launi mai kama da azurfa sun sarƙe cikin juna, ba ka iya nuna inda hurhura ta fara da inda ta tsaya.

Gwaggonmu ce ta fara buɗe baki. "Ke, mi kika yi ma kanki? Ciwo kika yi ba a gaya muna ba?" Yaya ta ce lafiyarta lau, salon ta je, kuma kuɗinta ta biya. Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kika biya kuɗi a ƙara miki hurhura? Ikon Allah! Mu ga ta nan kyauta." Ɗaki ya ɗauki dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba ta koma gardama. Wasu sunka ce ta saki kanta, ta buɗe ma kishiya ƙofa da hannunta. Wasu sunka ce ta huta da wahala. Can da gardama ta yi sanyi, gwaggo ta sake duban kan da kyau a ƙarƙashin fitila ta ce: "In dai gauraya fari da baƙi ce, ai lalle ya daɗe shina yi." Wagga magana ta gwaggo ita na bi diddigi.

Hurhura, ko furfura kamar yadda mutanen Kano ke cewa, ba gashi ne ke canza launi bayan ya fito ba. A gindin kowane silin gashi, can cikin fata, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu zuba masa launi yayin da yake tsirowa. In sunka gaji sunka daina, sabon da zai fito sai ya fito babu launi. Yawanci gado ne: dubi iyayenka ka san lokacinka. Likitocin fata sun lura cewa Turawa kan fara ganinta a tsakiyar shekarunsu na talatin, mu baƙar fata kuwa sai wajen arba'in da ƴan kai. Maganar da ake yi cewa in ka tsige ɗaya goma za su fito ba ta da tushe, rami guda sili guda yake fiddawa. Abin da ke faruwa shi ne maƙwabtansa ma lokacinsu ya yi.

A ƙasar Hausa hurhura takarda ce ta girma. Tsoho in ya shiga tsakanin masu faɗa ba ya kawo wata hujja, cewa yake a dubi hurhurarsa, kuma sau da yawa a duba. Uwa in ɗanta ya kunyata ta cewa take bai raga ma hurhurarta ba. Addini ya ƙarfafa wannan. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an ruwaito cewa Annabi Ibrahim shi ne farkon wanda ya ga hurhura a jikinsa, da ya tambayi Ubangijinsa aka sanar da shi natsuwa ce da kwarjini, sai ya roƙi a ƙara masa. Hadisai kuma sun hana tsige ta, sun kira ta haske ga Musulmi.

To amma shi addinin bai hana a canza mata launi ba. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, 630 a lissafin Turawa, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyadina Abubakar gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kansa da gemunsa fari fat. Manzo ya yi umurni a canza farin da wani abu, amma a nisanci baƙi. Shi kansa Sayyadina Abubakar da lalle da katam yake rina nasa, Sayyadina Umar kuwa da lalle zalla. Katam wani tsiro ne na duwatsun Yaman mai ba da duhu, in an haɗa shi da lalle launin ya tsaya tsakanin ja da baƙi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, wanda kusan duk almajirin da ya wuce Ahalari da Ishmawi ya san shi, ya taƙaice hukuncin a mazhabarmu ta Malikiyya: rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da haramci ba, lalle da katam kuwa babu laifi. Daga nan ne jan gemun malamai da alhazai ya samo asali. Ku riƙe wannan, domin za mu ga yadda ƙarni guda na kasuwanci ya juya abin, wanda anka ce a nisanta shi ya zama na kowa.

Lalle ya girmi duk wannan. Fir'aunan Masar Ramsis na biyu ya rasu wajen shekara 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, yana tsoho ɗan shekara kusan 90. Da anka kai gawarsa Paris a 1976 domin a yi mata maganin ruɓewa, masana sunka duba gashin kansa sunka iske farin an rina shi da lalle. A Afirka ta yamma kuwa, malamin nan na Andalus, al-Bakri, wanda ya yi rubutu a 1068, ya ambaci itatuwan lalle masu yawa a birnin Audagust, cikin ƙasar Muritaniya ta yau. Masana harshe na ganin ita kanta kalmar lalle daga bakin Buzaye munka aro ta, domin su anella suke cewa. Ke nan ta hanyar ayarin raƙuma ya iso mu, hanyar da gishirin Bilma da dabino ke bi.

Ga inda maganar gwaggo ta yi gaskiya. Lalle ba ya rufe gashi kamar fenti. Launinsa shiga yake ya kama jikin silin, kuma launi ne mai haske wanda na ƙasa ke bayyana ta cikinsa. In kika kwaɓa shi kika shafa a kan da ke da fari da baƙi, baƙin kusan ba ya canzawa, sai ɗan ja-ja da ake gani cikin rana. Farin ne ke ɗaukar launi, ya koma kamar jan ƙarfe ko ruwan goro. Sakamakon shi ne kai mai launi biyu ko uku a gauraye, siraran layuka masu haske cikin duhu. Kuma da yake ba a mai da kan launi guda ba, in sabon gashi ya tsiro bambancin ba ya tsawa. Wadda ke son ya fi duhu sai ta bi bayan lalle da garin baba, shi ne katam ɗinmu na nan gida. Tsofaffinmu ba su ba abin suna ba, amma aikin da ake biyan jikkuna a yi yau, ga uwarsa nan a cikin ƙoƙo.

Sai shuni. Yaran yanzu sun san kalmar ne kawai a cikin "masu hannu da shuni", ba su san dalilin da ya sa shuni ya zama sunan arziki ba. Shuni daga baba ake samunsa, itacen da marina ke rina tufafi da shi. A da garuruwanmu manya duk suna da marina, ramuka masu zurfi a bakin gari, ga wari, ga maza da dogayen sanduna. Ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau tana aiki. Garin Kura kuma shi ke fidda baƙin rawani mai sheƙi, ɗan Kura, da Buzaye ke saye da tsada, wanda ke zuba a fatar mai shi. Duk wanda hannunsa ya yi shuɗi an san tufa mai tsada ya taɓa. Mata kuwa a kai suke sa shi. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a watan Janairu 1824, ya rubuta cewa matan ƙasar da na Barno suna rina gashinsu da shuɗi, har da gira da hannu da ƙafa, kuma suna jan haƙora da furen taba.

Waɗanda sunka riski kakanninsu za su tuna ranar kitso. A tsefe kai tun da hantsi, a wanke, a zauna a tabarma gindin bedi, mai kai ta kifa fuska a cinyar makitsiya. In doka za a yi a kawo tsumma ko auduga a yi mata matashi. In an gama a narka man shanu a haɗa da shuni a bi kowane layi da shi, kai ya fito baƙi mai ɗaukar ido, kallabi da matashin kwana su sha nasu rabo. Shuni kwalliya ce ta yarinya da babba, ba don hurhura anka ƙirƙire shi ba, amma shina lulluɓe ta, kuma in ya kama farin gashi sai ya bar shi da wani toka-toka mai shuɗi. Da wanki biyu ya fita. Babu wadda ta ɗauke shi a matsayin ƙarya, domin kowa ya san shafe ne.

Makitsiya kuwa ita ce ma'ajiyar asiri. Mace a nan kanta rufe yake, a titi da kasuwa da wurin aiki babu mai ganinsa. Masu ganin hurhurarta ƴan kaɗan ne: miji, kishiya, madubi, da wadda ke yi mata kitso. Makitsiya ce ke fara cewa a hankali, "Hajiya, baƙi sun fara zuwa." Wata ta soke farin a ƙarƙashin kitso, wata ta tsige a ɓoye duk da hanin malamai. Shi ya sa nake ganin wanda ya ce zancen hurhurar mace zancen banza ne bai san gidan mata biyu ba.

Yanzu mu ƙetare teku. A 1856, a Landan, wani yaro ɗan shekara 18 mai suna William Perkin yana ƙoƙarin haɗa kinin, maganin masassara, daga dattin kwalta. Kinin bai samu ba, sai ya samu wani launi mai ruwan hoda da shuɗi wanda ke kama tufa. Daga nan aka shiga haɗa launuka a masana'anta maimakon a gona. Malaminsa, Bajamushe August Hofmann, shi ya gano wani sinadari a 1863, mai dogon suna da ake taƙaitawa PPD, wanda in ya haɗu da iska ko da ruwan oksijene yake komawa baƙi ƙirin. A 1883 anka fara rajistar amfani da shi wajen rina gashi a Faransa. A 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fito da baba na masana'anta, wanda a hankali ya karya kasuwar manoman baba a Indiya, ya zo ya rage ramukan marinarmu. Ku dubi abin: ilmi guda ne ya raba mu da shuni kuma ya kawo muna abin da ya gaje shi.

A 1907 wani matashin masanin sinadarai a Paris, Eugène Schueller, ya haɗa nasa maganin rina gashi, yana dafawa da dare yana bin masu gyaran kai da rana yana talla. A 1909 ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal. A Amurka kuwa, kamfanin Clairol ya fito da wanda mace za ta shafa da kanta a gida a 1956, kuma tallar da wata mata Shirley Polykoff ta tsara masa ta ginu a kan abu guda: babu mai sanin kin rina sai mai gyara miki kai. Makitsiyarmu ke nan a cikin rigar Turawa. A 1957 kamfanin Hoyu na Japan ya fito da garin Bigen, ɗan ƙaramin kwalba da ake kwaɓawa da ruwa, wanda ya zagaye Asiya da Afirka saboda an yi shi ne don masu baƙin gashi.

Mu nan kayan Turai ta kantunan zamanin mulkin mallaka sunka fara shigowa, su CFAO da SCOA, waɗanda ke sayen gujiya a Maraɗi da Damagaram suna saida atamfa da sabulu da turare. Da anka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, can ne ma'aikata sunka taru, can ne kuma sabon yayi ke fara sauka. Bayan samun ƴancin kai a 1960 anka samu matan lakwal, malamai da ungozomomi da sakatarori, masu albashi a hannunsu, da kuma salon irin na birni, da yawansu a hannun matan Togo da Benin. Da su ne defirizaj ya shigo, man nan mai miƙar da gashi, da busar da kai a cikin kwano mai zafi. Karyewar darajar sefa a watan Janairu 1994 ta sa kayan Faransa sun gagari talaka, sai kasuwa ta koma ga na Indiya da Sin da Najeriya, masu shigowa ta Kwatano da ta Jibiya da Ɗan Isa. Baƙin rini ya sauko daga kanti ya hau teburin mai kayan koli, a ƴar takarda, da kuɗin da bai kai na sabulu ba.

Ba kuma mata kaɗai ba. Maza ne ma sunka fi fitowa fili da shi, tunda nasu a saje da gemu yake. Ku tuna hotunan ƴan takara lokacin kampan: mutum ya haura sittin, wuya ya tattare, amma gashin baki kamar an zana da gawayi. Wanzami da a da aikinsa aska da ƙaho, yau wani har da ɗan buroshi da kofin rini a cikin zabira. Mai neman ƙarin aure kuwa ba a magana. A kan irin wannan ne ma malamai sunka fi tsanantawa, wato rinin da ake yi don a ruɗi wanda za a aura game da shekaru, mace ce ta yi ko namiji.

Baƙin rini tarko gare shi, kuma duk wadda ta shiga ta sani. Gashi na tsirowa kusan santimita guda a wata, namu ma bai cika kaiwa ba. Amma fari a gindin baƙi wuluk ko rabin santimita ne sai ya yi ihu. Mako biyu, uku, ga farin layi nan a goshi da tsagar kitso kamar an ja alli. Sai a sake. Wadda ta fara a shekara 40 tana yi duk wata, kafin ta kai 55 ta shafa sau 180. Kuma ba a iya tsayawa cikin sauƙi, domin rinin ba ya fita da wanki, sai dai ya tsiro a yanke.

Abin da ya fi tsada shi ne lafiya. PPD na daga cikin sinadaran da jiki kan ƙi. Mace na iya shekaru tana shafawa lafiya, rana ɗaya jikin ya juya: ƙaiƙayi, ƙuraje a bayan kunne da ƙeya, fatar ido ta kumbura har ta rufe. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan har abada. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a maganin rina gashi bayan an haɗa, kuma ba ta yarda a shafa shi a fata ba sam. Mu kuwa shi ne cikin baƙin lallen da ake zana ma amare, wanda ƴan Najeriya ke kira dayis, sau da yawa da ƙarfin da ya ninka wancan. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi cikin rabin awa. Yarinyar da anka zana ma shi ranar aurenta ya tashi ya yi ruwa, ita ce bayan shekara ashirin za ta shafa rini a kai ta kwana a likita. A Sudan, inda ake saida shi kamar dutse ana dakawa a zuba cikin lalle, likitocin Khartum sun daɗe tun shekarun 1980 suna ba da rahoton mutanen da ya kumbura musu wuya da harshe ya kashe musu ƙoda, musamman yara da sunka haɗiye shi. Duk mai ajiye shi a gida ta ɗaga shi inda hannun yaro ba ya kai. Kuma gwajin nan da ake rubutawa a jikin kwali, a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, ba ado ne ba.

Ita yayarmu abin da ya kore ta ke nan. Wata rana ta shafa irin wanda ta saba, ta wayi gari ido ba ya buɗuwa.

Hanyar da ta bi tana da nata tarihi. Ruwan oksijene, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, Bafaranshe Louis Thénard ya gano shi a 1818, kuma a baje kolin Paris na 1867 anka nuna cewa shina cire launin gashi. Da farko kai duka ake kwailewa. Daga baya masu salon sunka ga kai mai launi guda bai kama da na halitta ba, sai sunka koma zaɓen sili-sili. A shekarun 1960 hular roba mai ƙananan huji ake kifa ma mace, a riƙa zaro gashi ta hujin da ƙugiya. A shekarun 1970, a salon Carita na Paris, anka fito da wadda suke kira balayaj, ma'anarta shara, domin da buroshi ake sharar maganin a kan gashi da hannu. Sannan naɗe sili cikin takardar alminiyom ya yaɗu. Duk wannan don ƴan mata masu son kai ya yi kamar rana ta taɓa shi anka yi.

Juyawar ta zo da korona. A Faransa an rufe salon daga tsakiyar Maris zuwa 11 ga Mayu 2020, haka a ƙasashe da yawa. Miliyoyin mata sunka ga ainihin kansu karon farko cikin shekaru, da yawa kuma sunka ce ba su komawa. Dama kafin nan da wata guda, a Fabrairu 2020, ƴar fim ɗin Amurka Jane Fonda, tana da shekara 82, ta fito bikin Oscar da kai ruwan azurfa, aikin da ya ci awa bakwai a salon. A Yuli 2021 wata, Andie MacDowell, ta fito bikin fina-finai na Cannes da hurhurarta a sake. Hotuna sunka zagaya wayoyi, masu salon sunka ga kasuwa: maimakon a ɓoye fari, a kawo sauran kan kusa da shi. Daga Paris zuwa Dakar da Abijan, daga can zuwa Yamai.

Ga yadda ake yi. Mai gyaran kai za ta duba inda farin ya fi yawa, galibi gaban goshi da gefen kunne. Sai ta riƙa tsintar siraran silla daga cikin baƙin, ta shafa musu garin cire launi da anka kwaɓa da oksijene, ta naɗe. Baƙin gashi ba ya tsallakawa zuwa fari kai tsaye: sai ya bi ta ja, ya koma ruwan lemu, sannan rawaya. In ya kai rawaya mai haske sai a wanke a bi shi da wani rini mai sauƙi, mai ɗan shuɗi, wanda ke kashe rawayar ya bar toka. Inda farin ya taru wuri guda kuma a jefa ƴan silla masu duhu don a raba shi. In an gama, sabuwar hurhurar da za ta tsiro sai ta iske ƴan uwanta, babu layi. Mai zuwa duk mako uku ta koma zuwa duk wata uku ko huɗu. Shuɗin nan kuwa duk wadda ta taɓa sa bula a farar riga ta san hikimarsa. Har sabulun kai mai ruwan shuni suke saidawa don hana farin yin rawaya, domin rana da hayaƙin murhu da na turaren wuta da ruwan pampo mai ƙarfe duk suna dafar da shi. Mun yar da shuni, ga shi ya dawo a kwalba da rubutun Faransanci.

A kula da wata kalma. A salon na Faransa wanga aiki sunansa mesh. A nan kuwa in kika ce mesh, gashin roba na ƙari za a ɗauko miki, wanda hukuncinsa dabam ne, kuma hadisin da ya yi magana a kan ƙarin gashi mai tsanani ne. Wata ƙawata ta je da hoto a waya ta ce ga mesh ɗin da take so, yarinyar salon ta fita da gudu ta dawo da ƙunshi uku ruwan toka.

Ra'ayina, tunda na ga kan yaya da idona: abin ya yi kyau, amma ba na kowa ba ne, kuma masu tallarsa ba su faɗin rabin gaskiya. Gashinmu mai lanƙwasa ne, a kowace lanƙwasa shina da rauni, ga shi da saurin bushewa, balle a cikin hunturu. Garin cire launi cinye ƙarfin sili yake. In an ɗora shi a kan gashin da ya sha defirizaj, to sai dai a tattara a ƙasa da tsintsiya. Dole a zaɓi ɗaya. Wadda ta shekara goma tana baƙin rini, ba a cire shi a zama guda, sai biyu ko uku da makonni a tsakani. Duk mai salon da ta ce za ta gama miki yau ki je biki gobe, ɗauki jakarki. Wadda ta saba da lalle kuma ta faɗa tun farko, domin lalle ba ya sakin gashi, sai ya tsaya a ruwan lemu, in kuma da baba a ciki kan na iya komawa kore. Wasu garin lallen na kanti ma akwai gishirin ƙarfe a ciki, wanda in ya haɗu da oksijene yake zafi har ya ƙone gashi. A yanki ɗan sili a gwada tukuna. Sannan ga kuɗi, ga awoyi a zaune, ga kuran da ke iya ɗaukewa kai na naɗe cikin alminiyom, ga neman salon da mata zalla ke aiki kuma da labule a ƙofa. Yaya ma sai da ta yanke fiye da rabin gashinta kafin a fara, ta bar defirizaj gaba ɗaya, yanzu man kaɗe da kitson zane take.

Matar ƙauye da ta birni marar albashi ba su rasa komai ba. Bishiyar lalle na nan a bayan gida da cikin garake, gari kuma ana aunawa a kowace kasuwa daga Gidan Rumji har Matamai. A samu na ganye zalla, kore mai ƙamshin ciyawa, a kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami, a bar shi ya tsima, a shafa a ɗaure da leda awa uku ko huɗu. Ba ya hana ruwan alwala da na wanka isa ga gashi bayan an wanke, tunda launi ne ya rage ba jiki ba. Illarsa guda, ja yake bayarwa, mai son toka ba za ta same ta a nan ba.

Kwana biyu bayan biki, kafin yaya ta hau bas ta koma Yamai, na iske su a tsakar gida. Gwaggo na zaune a kujera ƴar tsugunno, kai a buɗe, fari tas kamar kaɗa, jikarta na shafa mata lalle da tsinken tsintsiya. Ta kira yaya ta ce ta matso a ɗiba mata, akwai saura a ƙoƙo. Yaya ta dafe kallabi da hannu biyu ta ja da baya, ta ce in lallen nan ya taɓa ta, kuɗin wata guda ya tafi a banza. Gwaggo ta ce to a kai ma maƙwabciya, kada ya bushe.